Fitilun ABS da VSC na tashi, na canza birenbos bai daina ba, me era firem zai nuna min?

Ƙanena sannu da aiki. Tambayarka yadda na fahimce ta, Camry 2010 ce a hannunka, ana cikin tafiya in ta faɗa rami ko an hau hanya mai gargada sai fitilar ABS (na'urar da ke hana taya kullewa in an taka burki) da ta VSC (mai hana mota zamewa) da ta burki su tashi lokaci ɗaya, in an kashe an sake tayarwa wani lokacin su ɗauke. Ka sa sikana, cikin ABS ka samu U0073 da U0100 da U0123 da U0126, a mitar dashbod kuma U0129 kaɗai. Ganin U0100 ta ce an rasa magana da ƙwaƙwalwar inji sai ka sa mai mota ya sayo birenbos, wato ita ƙwaƙwalwar injin, aka ɗaura aka yi firogiramin makulli, bayan kwana biyu fitilu suka dawo. Yanzu kana tambaya wai mene ne era firem ɗin da ka ji ana faɗa, kuma ko zai nuna maka mai laifin.

To da farko dai birenbos ɗin da ka cire ka adana shi da kyau, dan duk alamu sun nuna lafiyarsa ƙalau, kuma shaidar tana cikin lambobin da kai da kanka ka turo. Lambar U aikinta ta gaya maka wane ya daina jin wane, shi ya sa kullum abu biyu zaka duba, ita lambar da kuma gidan da aka same ta. U0100 ɗinka a cikin ABS take, kenan ABS ce ke cewa ba ta jin inji. Amma ita ɗin dai ta ce ba ta jin sensan da ke auna juyawar mota, U0123 kenan, ta kuma ce ba ta jin sensan sitiyari, U0126. Mita ta ce ba ta jin ABS, U0129, amma ko kaɗan ba ta yi ƙorafin inji ba, alhali daga injin take karɓar saƙon allurar RPM a kan wayoyi biyun da ƙwaƙwalen motar duk suke magana a kai. Da birenbos ne ke ɗaukewa da ita ma mita ta rubuta U0100. Wanda ya ce ba ya jin kowa, sauran kuma suka ce shi ne ba sa ji, ai ƙofarsa zaka fara bugawa.

Yanzu bara in maka bayanin era firem ɗin, dan in ka gane shi U0073 zata zama lambar da ta fi kowacce amfani a cikin waɗanda ka samu.

Layin da ƙwaƙwalen mota ke magana a kai sunansa CAN, kamfanin Bosch na Jamus ne ya fito da shi a 1986, daga 2008 kuma Amurka ta wajabta shi a soket ɗin OBD, wato inda ake jona sikana, na ƙananan motocin da ake sayarwa a can, shi ya sa motocin Amurka da ke shigo mana daga wannan shekarar zuwa sama zaka same shi a fil na 6 da na 14. Wayoyi biyu ne murɗaɗɗu, CAN-H da CAN-L, inji da giya da ABS da mita da iyabag duk a kansu suke rataye. In ba mai tura komai dukkansu biyun suna zaune a wajen bolt 2.5, wannan shi ne ɗaya, dan saƙo jerin sifili da ɗaya ne, kowane guda kuma shi ake kira bit. In wani zai tura sifili sai ya ɗaga H zuwa wajen 3.5 ya saukar da L zuwa wajen 1.5. Sifili yana danne ɗaya, ko ƙwaƙwalwa goma sun saki layi ɗaya tak ta ja shi to sifili kowa zai gani, ka riƙe wannan dan a kansa aka gina komai. Gudun layin inji da burki yawanci bit dubu 500 ne a sakan, kowane bit maikirosakan 2 kenan, wato kashi biyu cikin miliyan na sakan.

Duk saƙon da aka tura kowa na saurare, har wanda saƙon bai shafe shi ba, kuma kowa na dubawa ko ya zo daidai. Mai turawa da kansa yana karanta abin da ya sa a layi, in ya sa ɗaya ya ga sifili a inda bai kamata ba ko ya sa sifili ya ga ɗaya, kuskuren bit kenan. Akwai ƙa'idar cewa a cikin jikin saƙo ba a jera bit iri ɗaya fiye da biyar, bayan biyar dole a cusa kishiyarsu dan agogon kowa ya daidaita, duk wanda ya ga shida a jere ya san abu ya ɓaci. Akwai lissafin tantancewa na bit 15 a ƙarshen saƙo, CRC, mai karɓa ya yi nasa lissafin in bai yi daidai da wanda aka turo ba ya ƙi saƙon. Akwai wasu gurabe a tsarin saƙon da dole su zama ɗaya, in aka ga sifili a nan kuskuren tsari ne. Sai na ƙarshe wanda ni na fi so wajen aiki, gurbin amsawa, ACK, mai turawa yana barin bit ɗaya a sake, duk wanda ya ji saƙon lafiya sai ya danna sifili a wurin, in ba wanda ya danna to mai turawa ya san shi kaɗai yake magana.

Duk wanda ya fara ganin ɗaya daga cikin waɗannan ba ya shiru, sai ya danna sifili shida a jere da gangan, ya karya waccan ƙa'idar ta biyar, sauran su gani su ma su danna nasu shidan, kowa ya zubar da saƙon, a bar layi sake na bit takwas, mai turawa ya sake daga farko. Wannan shi ne era firem. Kamar majalisa ce da aka yi sharaɗin duk wanda bai ji magana sosai ba ya katse ta a maimaita, abu ne mai kyau sai ranar da aka samu mai ciwon kunne a zaune, sai ya hana kowa ƙarasa zance.

Waɗanda suka ƙera abin sun yi tunanin wannan, sai suka sa wa kowace ƙwaƙwalwa maƙirga biyu, TEC na kuskuren turawa da REC na kuskuren karɓa. Ka tura saƙo ya lalace a ƙara maka 8 a TEC, ka karɓa ya lalace a ƙara 1 a REC, in kuma kai ne ka riga kowa katsewa sauran suka biyo bayanka to 8 za a ƙara maka, saƙo ya wuce lafiya a rage 1. Maƙirgi ya wuce 127 sai a rage mata murya, ko ta ga kuskure ba ta da ikon ɓata saƙon wasu, kuma in ta tura saƙo sai ta ɗan jira kafin ta sake. TEC ya wuce 255 sai ta cire kanta daga layi gaba ɗaya, ba turawa ba amsawa, shi ne zaka ga sikana ta rubuta Bus Off, kuma shi ne ma'anar U0073. Yi lissafin da kanka, 8 sau 32 ya ba da 256, saƙo ɗaya kuma wajen kwata na kashi ɗaya cikin dubu na sakan yake ci, kenan daga lafiya lau zuwa fita daga layi bai cika kashi ɗaya cikin ɗari na sakan ba. Fil ɗaya ya ɗan ɗaga lokacin da taya ta daki rami ya isa. Mitarka ta hannu da ke sauya lamba sau biyu ko uku a sakan ba yadda za a yi ta ga wannan, shi ya sa ka auna a gareji komai daidai, mota ta fita ta dawo da fitilu. A ƙa'ida tana iya dawowa layi bayan ta ga bit 11 a sake har sau 128, amma sauran sun riga sun rubuta cewa sun rasa ta, fitila kuma takan zauna sai an kashe makulli.

Ga abin da U0073 ke gaya maka a motar nan. Ƙwaƙwalwar da wuta ta ɗauke mata ba ta rubuta Bus Off, dan ba ta raye balle ta ƙirga kuskure. Tunda ABS ta rubuta, tana da wuta a lokacin, tana ƙoƙarin turawa abin yana lalacewa a hannunta. Sannan akwai wata togaciya a ƙa'idar, in matsalar kawai ba mai amsa mata ne TEC yakan tsaya a 128 ta yi ta maimaita saƙo ɗaya ba tare da ta fita ba, to kaiwa har 256 yana nuna abin da take sawa a waya ba shi take karantawa ba. Wannan ya fi kama da waya ɗaya cikin biyun da ke yankewa tana haɗewa, ko tana gogar bodi, ko danshi a soket, ko kuma ɗan ƙaramin IC ɗin da ke tuƙa layin a cikin ita ABS ɗin. Duk da haka duba ko akwai C1241 a ciki, lambar Toyota ce ta ƙarancin wuta a ABS, in tana nan to wuta da nagetib zaka fara bi kafin CAN.

Amsar ko era firem zai nuna mai laifi, zai nuna hanya sosai amma kar ka zata suna zai rubuta maka, sifili shida ne kawai ba lambar kowa a jiki. Kuma sikanar da muke riƙewa a gareji ba ta nuna shi, dan IC ɗin CAN ne ke gamawa da shi a ƙasa kafin saƙo ya iso manhaja, iyakacinta in abin ya yi yawa ta ce ta kasa haɗuwa, irin ƙananan ELM327 ɗin nan su rubuta CAN ERROR. Ganinsa da ido sai da osiloskop, na'urar da ke zana hawa da saukar wuta a allo, ko adaftar CAN ta USB da kwamfuta.

In ka samu osiloskop ko na aro ne, sa layi ɗaya a fil 6 ɗaya a fil 14. Tunda sifili na halak ba ya wuce biyar a jere, maikirosakan 10 kenan, sai ka saita tiriga, wato sharaɗin da ke sa osiloskop ta tsayar da hoto, ta kama duk sifilin da ya wuce maikirosakan 11. Layi mai lafiya zaka zauna ka gaji ba ta kama komai ba. In ta kama, dubi tsawonsa da siffarsa. Wanda ya tsaya wajen maikirosakan 12 yana nufin kusan kowa ya ga kuskuren lokaci ɗaya, abin a kan babban layi yake, hayaniyar wuta ko gajeren haɗi. Wanda ya ja zuwa wajen 24 kuma ka ga kamar matakala, rabin farko ƙasa-ƙasa rabin biyu ya fi shi ɗagawa sama, to ɗaya ce ta fara katsewa ita kaɗai sauran suka biyo, dan in ƙwaƙwale da yawa suka danna tare tazarar H da L takan ƙaru. Wannan matakalar ita ke ce maka akwai guda ɗaya da ke jin abin da sauran ba su ji ba. Daga nan sai cire soket ɗaya bayan ɗaya kana kallo, wadda ka cire tiriga ta yi shiru ita ce ko reshenta. Kalli gefen siginar ma, in tana sauka a hankali kamar gangara ko tana rawa bayan kowane tashi, razistar ƙarshen layi ta ɓace. In kuskuren na ƙaruwa da ka taka totur, nemi koyil mai yoyon wuta ko dayod ɗin altaneta ko wurin da aka warware murɗin wayoyin. In sai mota ta yi zafi yake farawa, yawanci dalma ce ta tsage a cikin wata ƙwaƙwalwa. Da adaftar USB kuma zaka ga ko kuskuren kullum bayan saƙo mai lambar shaida (ID) ɗaya yake biyowa, amma don Allah ka sa ta a yanayin saurare kawai kuma a gudun da ya dace, adaftar da aka saita a 250 aka jona a layin 500 ita da kanta zata cika layin da era firem ta tada maka fitilun da babu su a da.

Na san ba kowa ke da osiloskop ba, kuma gaskiya motarka mita ta hannu ma zata iya kama ta in ka auna a wurin da ya dace. Ɗauki hoton lambobin duka kafin ka goge. Tabbatar batir na da ƙarfi da kawunansa a ɗaure, dan batir mai rauni lokacin tayarwa yakan watsa lambobin U a ko'ina. Kashe makulli, ka bar motar ta yi minti ɗaya ko fiye ba buɗe ƙofa ba taɓa komai, ko ka cire nagetib ɗin batir, sannan ka auna om tsakanin fil 6 da 14. Akwai razista biyu masu om 120 a ƙarshen layi biyu, haɗuwarsu ke ba da 60, littafin Toyota ya yarda da 54 zuwa 69. Ka ga 120, ɗaya ta ɓace ko babban layi ya yanke. Ka ga kusan sifili, H da L sun haɗe. Ka ga wajen 40, wani ya ƙara ta uku, kuma kusan kullum kayan da aka ɗaura daga baya ne. Auna kowace waya da bodi da kuma fil 16 na batir, kada ka ga ƙaramin om. Da makulli a kunne H takan nuna wajen 2.6 zuwa 2.7, L wajen 2.3 zuwa 2.4.

Amma fa a nan mutane da yawa ke faɗawa, su ga 60 a OBD su ce layi lafiya. Sittin ɗin nan babban layi kaɗai ya wanke. ABS a kan reshe take, reshen zai iya yankewa gaba ɗaya OBD ta ci gaba da nuna maka 60 tana murmushi. Dan haka je ka cire babban soket ɗin ABS a ɗakin inji, nemo fil biyu na CAN a dayagiram, ka auna om ɗin daga nan ta ɓangaren wayarin. Dole ka ga 60 ɗin a can ma. Sa mitar a MIN/MAX in tana da shi, ka sa yaro ya riƙa girgiza wayarin taku taku daga soket har inda ya shige cikin mota, kana kallo. Haska tocila cikin soket ɗin sosai. Abin da zaka nema ɗan kore-kore ne kamar gari a gindin fil, ko fil ɗin da ya ja baya ya fi sauran zurfi, ko wanda bakinsa ya buɗe saboda wani ya taɓa cusa masa tsinken mita. Samu fil namiji daidai girmansa ka zura ka zare, mai lafiya zaka ji yana riƙewa, wanda ya saki zai fito salin alin. Wurin nan yana shan ruwa a wajen masu wankin inji da famfo mai ƙarfi, kuma in motar ta taɓa bugawa ta gaba duba inda mai gyaran bodi ya bi da wayarin, sau da yawa a matse yake ƙarƙashin ƙarfe. Wutar soket ɗin da nagetib ɗinsa gwada su da kwan fitilar gaba dan su ɗauki lodi, sili ɗaya na waya zai nuna maka bolt 12 a mita amma ba zai kunna kwan ba. Wannan kwan da testa mai fitila kar su kusanci wayoyin CAN.

Leƙa bayan soket ɗin OBD da bayan rediyo ma. An taɓa kawo min mota mai irin wannan ciwon, na zare tef a ƙarƙashin sitiyari na tarar wanda ya sa tiraka ya feɗe wayoyin CAN biyun ya naɗa nasa a kai da hannu ba dalma, tef ɗin ya narke da zafi ya zama danƙo, sili biyu na H sun miƙe suna shafar L duk sanda mota ta girgiza. Allon Android da kayan afgired ma haka. Duk abin da ba daga kamfani ya zo ba cire shi tukunna ka gwada.

In ka samu wurin, gyara shi da dalma da robar da ke tsukewa da zafi, wayoyin su zama tsawo ɗaya, ka mayar da murɗin yadda yake, kar ka ja doguwar waya guda ɗaya ta zagaye, murɗin nan shi ke sa hayaniya ta shiga wayoyin biyu daidai ta soke kanta. Sai in reshe ya ba da 60 ko ana girgizawa, fil duk sun riƙe, wuta da nagetib sun ɗau lodi, U0073 kuma ta ci gaba da dawowa, sannan zaka fara maganar ita ƙwaƙwalwar ABS ɗin.

Wani abu saboda gaba, wannan lissafin na 60 na layi mai sauri ne. Layin bodi na wasu motocin Turai irin su Mercedes da Volkswagen da Peugeot mai jinkiri ne, ba ya ba da 60 kuma yana iya ci gaba da aiki a waya ɗaya, sannan motocin da ke da getwe, wato ƙwaƙwalwar da ke tsakanin soket ɗin OBD da sauran layuka, abin da ka auna a OBD layin sikana ne kawai, na inji yana can baya sai ka bi shi. Lambobin da suka fara da U04 kuma, irin U0401, saƙo ya iso lafiya abin da ke cikinsa ne ba a yarda da shi ba, can sai ka koma lambobin P ko C na wanda ya turo.

Mai motar nan ya riga ya kashe kuɗin da bai kamata ba, ka zaunar da shi ka gaya masa gaskiya, in an gama a mayar masa da birenbos ɗinsa na asali a ga ko mai kaya zai karɓi ɗayan. Ka turo min om ɗin da ka samu a OBD, da wanda ka samu a soket ɗin ABS a tsaye da kuma lokacin girgizawa, da ko C1241 na ciki, sai mu ɗora daga nan in sha Allah.